FASHIN BAƘI: Idan dattijo ya yi nawa, me ya ragu a jikinsa? Amsar da lissafi ya bayar

A daren 27 ga Yunin 2024 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, mai shekara 81, ya tsaya muhawara da Donald Trump. Abin da duniya ta kwana tana yaɗawa shi ne 'yan sakannin da ya riƙa ɗauka yana kallon gefe kafin ya haɗa jimla. Ba a cika wata guda ba ya janye daga takara, ranar 21 ga Yuli. A Oktoban 2025 kuma aka ayyana Paul Biya, mai shekara 92, a matsayin wanda ya lashe wa'adi na takwas a Kamaru. A nan gida ma, da zarar kakar zaɓe ta kama, sai a ga an yanko bidiyon wani dattijon ɗan takara yana lalube a kan takarda, a watsa shi a Facebook da TikTok, a rubuta a ƙasa cewa kai ya tafi.

Matasan da suka yi fafutukar dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda aka sanya wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, suna da hakkin su tambayi lafiyar masu neman mulkarsu. Sai dai hujjar da aka fi kafawa, wato nawa, tana buƙatar bincike kamar kowace hujja. Babu jayayya cewa tsoho ya fi yaro jinkiri wajen ganin abu ya mayar da martani. Tambayar ita ce: a wane mataki jinkirin yake aukuwa? A ido ne, ko a ƙwaƙwalwa, ko a hannu, ko kuwa mutumin ne ya ƙi yanke hukunci sai ya tabbatar?

Fiye da shekara 20 ke nan masana halayyar ɗan Adam suna amfani da lissafi domin rarrabe waɗannan. Sun gano cewa nawar tsufa tarin abubuwa ce aƙalla uku, kuma kowanne da maganinsa daban. Sakamakon ya shafi direban da ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna da dare, da tsohuwar da ke riƙe da takardar ƙuri'a, da ma yadda muke muhawara kan shekarun shugabanni.

Tafiyar haske daga ido zuwa yatsa

Kafin mutum ya taka birki saboda ya hango akuya a kan titi, saƙo yana bin matakai. Haske yana shiga ta 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa madubin ido, ya sauka a kan wata shimfiɗa da ke can baya, wadda likitoci ke kira ratina. A nan ƙwayoyin gani suke mayar da shi saƙon lantarki, jijiya ta kai shi ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ƙeya. Daga nan ake tantance ko mene ne, a yanke shawara, sannan umarni ya sauka zuwa ƙafa. Duk wannan yakan kammala cikin ƙasa da sakan guda, shi ya sa masu bincike suke aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan.

Tsufa yana taɓa kusan kowane mataki. Ƙofar idon tana ƙanƙancewa, madubin kuma yana yin kauri yana komawa ruwan ɗorawa. An ƙiyasta cewa hasken da ke isa ratinar mai shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa ta mai shekara 20 ba. Tun daga shekara 40 zuwa 45 madubin ke fara taurin da ke sa mutum ya riƙa nesanta waya daga fuskarsa kafin ya karanta saƙo. A 1993 Christine Curcio da abokan aikinta suka ƙirga ƙwayoyin gani a idanun mamata, suka tarar cewa waɗanda ake dogaro da su a cikin duhu suna raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakiyar ratina tsakanin ƙuruciya da shekara 90. Haka kuma ido yana daɗewa kafin ya saba da duhu bayan haske ya dalle shi, abin da kowane tsohon direba ya sani idan motar da ke tahowa ta ƙi rage fitila.

Canjin bai tsaya a ido ba. A Jami'ar Utah da ke Amurka, Audie Leventhal da tawagarsa sun auna ƙwayoyin jijiya a ɓangaren gani na ƙwaƙwalwar tsofaffin birai. A rahotonsu na 2000 sun nuna cewa ƙwayar da a ƙuruciya take amsawa ga layin da ya karkata ta fuska guda kaɗai, a tsufa takan amsa wa kusan kowane layi, kuma takan yi ta harbawa ko da babu abin da aka nuna. Kamar rediyo ne da tasha take nan, amma hayaniya ta ƙaru a bayanta.

Tsohuwar fahimta: komai yana raguwa tare

Auna saurin tunani ya faro ne tun 1868, lokacin da likitan ido ɗan ƙasar Holan, Franciscus Donders, ya kwatanta lokacin da mutum ke ɗauka ya amsa wa alama guda da wanda yake ɗauka idan sai ya zaɓa tsakanin biyu. A 1965 Joseph Brinley ya fito da wata dabara mai sauƙi: a jera matsakaicin lokacin tsofaffi a gefe, na matasa a gefe, a ayyuka daban-daban. Da masana suka yi ta maimaita wannan, sai aka riƙa samun kusan abu guda: lokacin tsoho yakan kai kamar ninki ɗaya da rabi na lokacin matashi. Aikin da matashi zai yi cikin milisakan 600, tsoho zai yi shi cikin kusan 900.

Daga nan aka gina ra'ayin cewa tsufa yana rage gudun injin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Timothy Salthouse ya tsara wannan ra'ayi a wata fitacciyar maƙala ta 1996, inda ya ce raguwar saurin sarrafa bayanai ita ce tushen yawancin raunin da ake gani a tunanin tsofaffi.

Amma akwai abin da wannan lissafi ya bari a baya. Matsakaicin lokaci yake dubawa kawai, bai duba yawan kuskure ba. Alhali a gwaje-gwaje da dama, tsofaffin da suka fi jinkiri su ne suka fi ƙarancin kuskure. Injin da ya lalace ai ba ya ƙara inganci. Ana buƙatar wata hanya da za ta haɗa sauri da daidaito a ma'auni guda.

Alƙalai uku da shaidunsu

Hanyar ta samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. Masanin ƙididdiga Abraham Wald, yana aiki a Jami'ar Columbia, ya warware wata matsala ta duba ingancin kayan yaƙi: maimakon a ƙayyade tun farko yawan kayan da za a gwada, a riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, a tsaya da zarar hujja ta rinjaya zuwa wani mizani. A Ingila, Alan Turing ya yi amfani da irin wannan tunani wajen fasa saƙonnin sirri na sojan ruwan Jamus. A 1978 Roger Ratcliff, wanda daga baya ya koma Jami'ar Jihar Ohio, ya gina samfurin lissafi da ke ɗaukar cewa haka ƙwaƙwalwa take yi idan za ta zaɓa tsakanin abu biyu cikin hanzari. Za mu kira shi samfurin tara hujja.

Domin a fahimce shi, a ɗauka akwai alƙali da shaidu suke shigo masa ɗaya bayan ɗaya. Shida cikin kowane goma suna faɗin gaskiya, huɗu suna ruɗewa. Alƙali na farko ya ƙudurta cewa zai yanke hukunci da zarar ɓangare guda ya zarce ɗaya da shaidu uku. Lissafi ya nuna cewa a matsakaici zai saurari shaidu 8, kuma zai yi kuskure a shari'u 23 cikin 100.

Alƙali na biyu shaidunsa irin na farko ne, amma shi sai ratar ta kai shida. Zai saurari kusan shaidu 25, wato ninki uku na lokacin na farko, kuskurensa kuwa zai sauko zuwa 8 cikin 100.

Alƙali na uku shi ma sai ratar ta kai shida, amma shaidunsa raunana ne: 55 cikin 100 kawai ke faɗin daidai. Zai saurari kusan shaidu 32, kuma duk da haka zai yi kuskure sau 23 cikin 100.

Wanda ya riƙe agogo kawai zai ce na biyu da na uku duk masu nawa ne, ya haɗa su a layi ɗaya. Wanda ya ƙirga kuskure kawai zai ce na farko da na uku daidai suke. Dukansu sun yi kuskure. Na biyu mai taka-tsantsan ne, na uku kuwa shaidunsa ne suka lalace, yana biyan ninki huɗu na lokaci domin ya kai inda na farko ya kai.

A cikin samfurin, shaidun su ne saƙonnin da ido ke aika wa ƙwaƙwalwa, masu gauraye da hayaniya. Ingancinsu shi ne ma'auni na farko, saurin taruwar hujja. Ratar da alƙali ke jira ita ce ma'auni na biyu, taka-tsantsan. Akwai kuma na uku: lokacin da masinja ke ɗauka ya shigo da shaidu da wanda magatakarda ke ɗauka ya fitar da hukunci, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya iso daga ido da wanda yatsa ke ɗauka ya danna maɓalli. Wannan ba ya cikin shari'ar, amma agogo yana ƙirga shi.

Kowane ɗaya daga cikin ukun yana barin sawu na daban. Idan lokacin masinja ya ƙaru, dukkan amsoshi suna jinkirta da adadi guda, kuskure bai canja ba. Idan taka-tsantsan ya ƙaru, amsoshi suna jinkirta, kuskure ya ragu. Idan ingancin hujja ya faɗi, kuskure yana ƙaruwa, kuma amsoshin da dama suke da jinkiri su ne suke ƙara tsawo sosai. Saboda haka idan mutum ya amsa tambaya ɗaruruwa a gaban kwamfuta, ana iya bin sawun a ciro ma'aunansa uku. Binciken da Michael Shadlen da William Newsome suka fara a kan birai a shekarun 1990 ya ƙarfafa samfurin, domin an ga ƙwayoyin jijiya da harbinsu ke hauhawa sannu a hankali yayin da biri ke kallon ɗigogi masu motsi, har ya kai wani matsayi, sannan birin ya zaɓa.

Abin da aka gano da aka gwada tsofaffi

Daga 2001 Ratcliff da Anjali Thapar da Gail McKoon suka fara jerin gwaje-gwaje, suna kwatanta ɗaliban jami'a da masu shekara 60 zuwa 75 waɗanda ke cikin ƙoshin lafiya. A gwajin farko ana nuna taurari a allon kwamfuta, mutum ya ce suna da yawa ko kaɗan ne. Tsofaffin sun fi jinkiri, kamar yadda aka zata. Amma da aka ciro ma'aunan, sai aka ga ingancin hujjarsu bai gaza na ɗaliban ba. Jinkirin ya fito ne daga wurare biyu: sun fi taka-tsantsan, kuma lokacin masinjansu ya fi tsawo da abin da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ba.

A 2004 suka gwada tantance kalmomi, inda ake nuna jerin haruffa a ce kalma ce ko shirme. Nan ma tsofaffin sun fi jinkiri, amma sun fi ɗaliban daidaito, kuma hujjarsu tana taruwa da sauri irin na matasa. A gwajin haske, inda ake nuna wani fili mai ɗigogi farare da baƙaƙe a ce wanne ya fi yawa, nan ma ba a ga faɗuwar inganci ba.

Gwaji guda ne ya fita daban. A 2003 suka riƙa haska harafi na ɗan ƙiftawar ido, a rufe shi, a ce mutum ya faɗi wanne ne cikin biyu. A nan tsofaffin sun fi jinkiri, sun kuma fi kuskure, kuma samfurin ya nuna ingancin hujjarsu ya faɗi ƙwarai. Dalilin ya dace da abin da likitocin ido suka sani: bambanta harafi da harafi yana buƙatar ganin ƙananan layuka masu siriri, kuma tun 1983 Cynthia Owsley da abokan aikinta suka nuna cewa irin wannan gani ne tsufa ya fi ci, alhali ganin manyan siffofi yana daɗewa bai taɓu ba. Ke nan mutum guda zai iya zama alƙali na biyu a wani aiki, ya zama na uku a wani.

Shi kansa taka-tsantsan ɗin yana da fuska biyu. A 2010 Jeffrey Starns da Ratcliff suka nuna cewa matasa sukan daidaita ratarsu ta yadda za su samu amsoshi daidai masu yawa cikin ƙanƙanin lokaci, su kuwa tsofaffi sukan ƙi sassautawa ko da an ce su yi sauri, domin guje wa kuskure ya fi musu muhimmanci. A 2011 kuma Birte Forstmann ta Jami'ar Amsterdam da tawagarta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, suka ga cewa raunin wasu hanyoyin sadarwa a cikinta yana tafiya tare da wahalar sassauta ratar. Wato wani ɓangare na taka-tsantsan hali ne, wani ɓangare kuma taurin jiki ne.

Gwaji mafi girma ya fito a 2022 daga Jami'ar Heidelberg ta Jamus. Mischa von Krause da Stefan Radev da Andreas Voss sun yi amfani da bayanan mutum kusan miliyan 1.2, masu shekara 10 zuwa 80, waɗanda suka yi wani gwajin rarrabe hotuna da kalmomi ta intanet. Matsakaicin lokacin amsa ya fara ƙaruwa tun daga wajen shekara 20. Amma saurin taruwar hujja ya ci gaba da zama a sama har zuwa kusan shekara 60, sannan ya fara sauka. Jinkirin da ke tsakanin 20 da 60 na taka-tsantsan ne da na masinja.

Inda raguwar take ta gaske

Kada wannan ya sa a ɗauka tsufa ba ya cin komai. Binciken na Heidelberg da kansa ya nuna gangara bayan 60. Akwai kuma wani samfurin lissafi da Claus Bundesen na Jami'ar Kopenhagen ya wallafa a 1990, wanda ke cire batun hannu da taka-tsantsan gaba ɗaya. Ana haska haruffa na ɗan lokaci, mutum ya faɗi waɗanda ya gani ba tare da an matsa masa ba, sai a lissafa haruffa nawa idonsa da ƙwaƙwalwarsa ke iya kamawa a sakan guda. A 2013 Thomas Habekost da abokan aikinsa suka gwada mutum 33 masu shekara 69 zuwa 87, waɗanda ba su da cutar mantuwa. Saurin kamawar ya ragu da kusan rabi tsakanin shekara 70 da 85.

A kan titi wannan yana da farashi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan kusan mita uku ne, na rabin sakan kuwa mita 14. Karlene Ball da Owsley, na Jami'ar Alabama da ke Birmingham, sun yi amfani da gwajin da ke auna faɗin filin da mutum zai iya kamawa a kallo guda yayin da hankalinsa ya rabu biyu. A rahotonsu na 1998 sun bi direbobi 294 masu shekara 55 zuwa 87 tsawon shekara uku. Waɗanda filinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye, haɗarin da suka yi ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Allon haruffan da aka saba gwada ido da shi, wanda Herman Snellen ya tsara tun 1862, baƙaƙen haruffa ne a kan fari, a tsaye cak, a ɗaki mai haske. Mutum zai iya cin wannan gwaji sarai alhali filinsa ya tsuke.

Akwai kuma labari mai daɗi daga tawagar. A 2002 suka bi tsofaffin direbobi masu yanar ido. Waɗanda aka yi wa aiki, yawan haɗarinsu ya kasance kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba. An gyara shaidun ne kawai, alƙalin yana nan yadda yake.

Abin da ya shafe mu

A Najeriya shaidun suna lalacewa da wuri, kuma galibi ba dole ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, adadin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, inda ya kai 6.1. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya hana ta ko a warkar da ita. Bayan makafin akwai miliyoyin da ke gani dishi-dishi. Dattijon da 'ya'yansa suka fara cewa ya rikice saboda yana daɗewa kafin ya gane baƙo ko ya ƙirga canji, mai yiwuwa tabarau yake buƙata, ko aikin yana na ƙasa da awa guda irin wanda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano.

Takardar ƙuri'a ma gwajin gani ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 ne a kanta, kuma an soke ƙuri'u kusan miliyan 1.29. A 2023 jam'iyyu 18 ne, aka soke kusan 939,000. Dalilan soke ƙuri'a suna da yawa, amma abin da ake nema daga mai zaɓe, wato ya bambanta ƙananan tambura masu kama da juna a tsukakkun gidaje, shi ne ainihin aikin da gwajin haruffa ya nuna tsufa ya fi raunanawa. Hukumar zaɓe ta INEC tana ba tsofaffi fifiko a layi, tana kuma tanadar gilashin ƙara girman rubutu a wasu rumfuna. Abin da binciken ke ƙarawa shi ne girman tambari, da bambancin launi mai ƙarfi, da isasshen haske a rumfa, da kuma barin mai zaɓe ya ɗauki lokacinsa. Idan aka tsaya a kan tsohuwa ana cewa ta yi sauri, ana ƙwace mata kariyar da ta rage mata ne, wato taka-tsantsan.

Haka batun tuƙi. Lasisin tuƙi a Najeriya na shekara uku ne ko biyar. Lokacin sabunta shi dama ce ta gwada ganin tsohon direba a yanayin da ya yi kama da titi, a kuma tura shi asibiti idan gyara ake buƙata, maimakon a jira sai ya yi karo ko a kore shi saboda furfura.

Sai batun mulki. Dokokinmu sun riga sun yanke shekarun ritaya: ma'aikacin gwamnati 60 ko shekara 35 a bakin aiki, malamin makaranta 65, farfesa 70, alƙalan manyan kotuna ma 70 tun gyaran tsarin mulki na 2023. Kujerun siyasa ne kaɗai ba su da iyaka ta sama. Mai son a sanya iyakar yana da hujja a cikin wannan bincike, domin gangarar bayan 60 gaskiya ce, kuma tana ƙara tsanani bayan 70. Amma binciken bai ba kowa lasisin yanke wa mutum hukunci daga bidiyon sakan goma ba. Gwaje-gwajen nan suna auna shawarar da ake yankewa cikin sakan guda ne, tsakanin zaɓi biyu, kuma akasarinsu a Amurka da Turai aka yi su, a kan mutanen da suka kawo kansu. Ba su auna sanin ya kamata ba, ko riƙon amana, ko iya zaɓen mashawarta. Kuma alkaluman matsakaici ne: a cikin masu shekara 75 akwai wanda ya fi wani mai 50 kaifin gani nesa ba kusa ba.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. 'Yan siyasa sun daɗe suna fakewa da wannan karin magana domin su rufe bakin matasa, matasa kuma suna ramawa da yankakken bidiyo. Darasin alƙalan nan uku ya fi duka biyun amfani. Agogo shi kaɗai ba ya bambanta mai tsantseni da wanda shaidunsa suka lalace, sai an haɗa da ƙirga kuskure. Ga ɗan takara, wannan yana nufin a matsa masa ya zauna doguwar hira kai tsaye, ba tare da an ba shi tambayoyi tun farko ba, a ga ko bayan jinkirin amsar tana fitowa daidai, a kuma nemi ya bayyana sakamakon binciken lafiya daga likitocin da ba ya biyansu albashi. Ga dattijon gida kuwa, kafin a ce kai ya tafi, a fara kai shi a duba masa ido.